Kayan lambun da ke saurin yi a ɗan filin gida

'Yar'uwa, kin ce filinki kaɗan ne a bayan ɗaki, kuma kina son abin da zai yi saurin shiga tukunya ya kuma yi auki.

Ni dai alayyafo nake fara ba kowa shawara. Mako 3 zuwa 4 ya isa yanka, kuma idan kin bar gindin kamar tsawon yatsa zai sake tofowa. Irin ƙanana ne ƙwarai, ki gauraya shi da yashi kafin ki yafa, in ba haka ba sai ya fito cunkus ya siririce. Lalo da yakuwa ma ba su da wahala.

Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata 2. Ki riƙa tsinka duk bayan kwana 2, domin idan ta ƙosa a jikin uwar, haihuwar raguwa take yi. Tumatir kuwa ki jira sanyin hunturu, damina ba ta yi masa daɗi.

Don Allah kada ki zuba ɗanyen kashin kaji, ƙona shuka yake yi, sai ya ruɓe tukuna. Ki yi shinge saboda kaji da awaki.

Idan ganye ya fara nannaɗewa ko tsutsa ta yi yawa, ki tsinko ganyen ki nuna wa malamin gona kafin ki sayi maganin feshi, tunda abin ci ne.