Sen Pol ɗin da kake tambaya

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai me ya sa tsofaffin Zariya har yau ke ce wa Kwalejin Kufena Sen Pol, kuma wai al'adar Bahaushe ce ya yi karatu a makarantar coci? Na yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba, a ce ɗan Zazzau bai san Wusasa, inda kwalejin take, ba.

Asalin abin daga cikin birni ne. Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wato ƙungiyar mishan ta cocin Anglika, ya zauna a Zariya tun 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, yana ba da magani yana koyar da yara boko. Hukuma ba ta so mishan ya ci gaba da zama cikin ganuwa ba, shi ya sa a 1929 aka kwashe shi zuwa Wusasa, gindin Dutsen Kufena, da asibiti da makaranta duka. Makarantar nan ce ta yi rassa har aka sami sakandare ta kwana mai suna St. Paul's. Janar Gowon da Farfesa Ishaya Audu duk a Wusasa suka fara karatu.

In ka je, ka tsaya ka dubi tsohuwar cocin St. Bartholomew. Ginin Hausa ne tsantsa. Ƙasa ake kwaɓawa da ciyawa a bar ta ta ruɓa, a ɗiba a yi tubali, a shanya, sannan a jera. Rufin kuwa da azara ake ɗaure baka, ita ce gara ba ta ci. Irin wannan gini ba ya son sakaci: kafin kowace damina sai an yi yaɓe, an duba indararo. Indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, shi ke nan bango ya fara zubewa.

Haka ita ma makarantar take tafiya a wancan zamani, ba ta son sakaci. Mishan ke ɗaukar malamai, iyaye na biyan kuɗin makaranta, gwamnati na ƙara tallafi bayan sufeto ya zo ya duba aji da ɗakin kwana. In bai gamsu ba, tallafin na iya tsayawa, don haka shugaban makaranta ba ya barci.

A 1972, zamanin Gwamna Abba Kyari, Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda daga baya ta zama Jihar Kaduna, ta karɓe makarantun mishan. St. Paul's ta zama Kufena, St. John's ta Kaduna ta zama Rimi, Queen of Apostles ta zama Queen Amina. An buɗe ƙofa ga kowa, wannan alheri ne. Amma iyayenmu kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gyaran da a da ake yankewa a harabar makaranta ya koma sai an rubuta wa ma'aikata a Kaduna an jira, ɗalibai kuma suka ninka, gadaje da malamai ba su ninka ba.

Ku yanzu komai sai ku tambayi waya. Wusasa ba nisa, ka je ka gaida dattawan can, da Hausa suke addu'a, kuma za su ba ka sauran labarin.