Ɗana ya ce Turawa sun halatta wiwi, tramol kuma magani ne

Tambaya: Likita, ɗana ɗan kabu-kabu ne a nan Damagaram. Ina wanki na tsinci tramol a aljihun wandonsa. Da na yi faɗa sai ya ce ai magani ne, kuma Turawa har wiwi sun halatta, mu ne aka bari a baya. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Wata uwa daga Birni.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanyaya miki. Gaskiya ne Uruguwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada a 2018, amma ga manya kawai, kuma da lasisin gwamnati. Fotugal da samari ke ja da ita a fada ba halattawa ta yi ba. A 2001 ta daina ɗaure mai sha, tana tura shi gaban kwamiti, dillali kuwa har gobe gidan kaso. A Nijar dokar 1999 ta yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana nan daram. Ni dai ban ga yaron da kaso ya warkar ba, amma wannan gardamar masu doka ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "ai magani ne". Kullum sai na ji ta. Tramol ɗan'uwan mofin ne, wato maganin kashe zafin ciwo mai ƙarfi da jiki ke saurin sabawa da shi. Mu kan ba da miligiram 50 ko 100 don ciwo mai tsanani, ba ma wuce 400 a yini. Wanda masu tire ke yawo da shi a tasha 200 ne ko 225, ya sha rana, ba wanda ya san abin da aka cusa ciki. Yaro ya watsa biyu a kofin shayi da safe, ya riga ya kai iyaka kafin ya tada babur. Da azahar ya faɗi yana shure-shure, kumfa a baki, sai unguwa ta ce iska ce. A kwashe shi zuwa wurin wani mai turare, a sayar da akuya, wata uku ana hayaƙi, ƙwayar kuwa tana aljihu. Sai ya karye a kan titi sannan a tuna da mu. Addu'a ba ta hana zuwa likita, Hajiya.

Kada ki sa ya daina dare ɗaya, jiki zai yi masa bore: zufa, zawo, ciwon gaɓoɓi, rashin barci, sai ya koma. A hankali ake ragewa. Ki samu kawunsa da yake jin nauyi ya rako shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Damagaram, ku zo da kwalin ƙwayar. In ya faɗi kafin nan, a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki.