Abin da ya riƙe gidan Chatsworth har yau

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ka tambaye ni yadda aka yi gidan Chatsworth na Ingila ya haura shekara 450 a hannun zuri'a ɗaya, ba a yayyanka shi wajen rabon gado ba.

Al'adar masu sarautar can ce ta jawo haka. Babban ɗa namiji ke ɗaukar sarauta da gida da gonaki gaba ɗaya. Ƙannensa su nemi abinci a aikin soja ko na coci, 'yan mata kuma a ware musu dukiyar aure. Sau da yawa har ɗaure ƙasar ake yi da takardar doka, magaji ya ci amfaninta amma ba shi da ikon sayarwa. A ganina akwai danniya a ciki, ba ƙarama ba. Sai dai ita ce ta hana dukiyar tarwatsewa tun da Sir William Cavendish da matarsa Bess suka sayi filin a 1549.

Kowane magaji ya ɗora nasa. Wanda ya fara riƙe sarautar Duke na Devonshire (babbar sarautar gado ce a Ingila) ya sake ginin daga 1687 zuwa 1707. A 1844 shugaban masu lambun gidan, Joseph Paxton, ya haƙa tafki a kan tudu, ya jawo bututu zuwa ƙasa, nauyin ruwan kaɗai ya riƙa feso shi sama kusan mita 90, babu inji.

Riƙon irin wannan gida ya fi gina shi wuya, kuma ruwa ne babban abokin gabarsa. Rufin na dalma ne. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya kwanta, ya sami tsaga ya sauka kan katako, sai ruɓa ta ci gaba a ɓoye shekara da shekaru. Ƙarafan da magina na da suka ɗaure duwatsu da su, in sun yi tsatsa kumbura suke yi su fasa dutsen daga ciki. Masu gaggawa kuma su liƙe da siminti, alhali da farar ƙasa aka kwaɓa na asali. Siminti yana riƙe danshi, sanyi ya zo ruwan ya daskare, fuskar dutsen ta ɓare.

Haraji ne ya kusa gamawa da su. Da Duke na 10 ya rasu a 1950, gwamnati ta nemi kashi 80 cikin ɗari na gadon. Aka sayar da gonaki, aka miƙa zane-zane masu daraja da gidansu na Hardwick, aka shekara 17 ana biya. A 1981 suka ba wata gidauniyar amana hayar Chatsworth ta shekara 99. Yanzu kuɗin shigar masu ziyara ke gyaran ginin, iyalin kuma suna biyan haya a ɓangaren da suke zaune.