Amsa: Binne fitila a silin katako na bakin rufi

Malam, ka tambaya ko za a iya huda silin katakon da ke bakin rufin gidanka a binne ƙananan fitilu ba tare da haɗarin gobara ba. Za a iya, in dai fitilar LED ka saya, wato irin wadda ba ta yin zafi sosai. Don Allah kada ka yarda da ƙwan fitila na halojin, zafinsa yana babbake busasshen katako a hankali, ga ƙura da sheƙar tsuntsaye a cikin rufi. LED mai wat 5 zuwa 7 ya wadatar.

Tunda waje ne, duba lambar IP a jikin kwalin, wato lambar da ke nuna yadda fitila ke jure ruwa da ƙura. Mafi ƙaranci IP44, amma ni IP65 nake zaɓa, domin ruwan damina da iska yake zuwa, ƙurar hunturu kuma tana shiga ko'ina. Ka ɗauki mai haske ruwan ɗorawa, wajen 3000K a ma'aunin launin haske, bai cika tara ƙwari kamar fari fat ba.

Kafin a huda, a gano inda katakan da ke riƙe da silin suka bi, kada a yanke ko ɗaya. A fara da ƙaramar huda a leƙa, sannan a buɗe ramin daidai da awon fitilar, a shafa wa bakinsa maganin gara da fenti.

Wajen waya ne na fi damuwa. A bi da ita cikin bututu saboda ɓeraye, kowane haɗi a sa shi cikin akwati, ban da naɗe shi da salatif a watsar a kan katako. Ƙwararren mai gyaran wuta ya yi haɗin, kuma a kashe babban makunni har da janareta da inbata kafin a taɓa komai.