Me Ya Sa Suchet Ya Riƙe Aragon, Navarre Kuwa Ta Gagari Faransawa?

Tambaya: Malam, lokacin da Napoleon ya mamaye Sifaniya, 'yan sari-ka-noƙe sun hana sojojinsa sakat, amma an ce Janar Suchet ya zauna lafiya a Aragon. Me ya yi daban?

Amsa: A Fabrairun 1810 Napoleon ya ƙwace lardunan arewa huɗu daga hannun wansa Joseph, wanda ya naɗa Sarkin Sifaniya: Kataloniya, Aragon, Navarre da Biskaya. Ya damƙa wa janar-janar ɗinsa, kowa ya ciyar da rundunarsa daga dukiyar lardinsa. Nan ne gizo ke saƙar. Sojan da ba a biya ba zai faɗa ƙauye ya kwashe hatsi da alfadarai, manomin da aka yi wa haka kuwa gobe yana kan dutse da bindiga.

Suchet ya gane wannan da wuri. Ya bar ma'aikata 'yan ƙasa da yawa a kujerunsu suna tara haraji, shi kuma yana biyan sojoji a kan kari, yana hukunta masu wawaso. Kada ka ɗauka tausayi ne. Harajin yana da nauyi ƙwarai. Sai dai talaka ya san abin da ke kansa. Ya kuma zuba ƙananan sansanoni a kan hanyoyi, galibi cikin gine-ginen coci masu kaurin katanga, ga rundunoni masu sintiri da ke kai musu ɗauki.

A Navarre, Janar Reille ya bi ta tsoratarwa: kama iyalan mayaƙa, kisa, tara mai yawa. Hakan ya ƙara wa Francisco Espoz y Mina, jagoran 'yan sari-ka-noƙen Navarre, jama'a. Mina har shingayen kwastan ya kafa, yana karɓar kuɗi kan kayan da ke shigowa daga Faransa, yana biyan mayaƙansa. A Mayun 1811 ya yi wa babban ayarin Faransawa kwanton ɓauna a mashigin Arlaban, ya 'yanta fursunoni masu yawa.

Shi ma tsarin Suchet yawan soja ne ke riƙe da shi. Da ya kwashe dakaru ya nufi Valencia a ƙarshen 1811, sansanonin baya suka zama marayu. A Oktoba jagororin 'yan sari-ka-noƙe El Empecinado da Duran suka kama garin Calatayud na Aragon. Valencia ta faɗa hannun Suchet a Janairun 1812, amma kafin nan karkarar Aragon ta fara suɓuce masa.