Tambayi Likita: Ta yaya zan gane lupus a baƙar fata?

TAMBAYA: Salam Dokta. Ina aji biyar a karatun likita, wallahi lupus ɗin nan yana rikita ni. Littafi ya ce jan ƙurji a kumatu mai siffar malam buɗe littafi, to mu a fatarmu ina za a ga ja? Kuma in gwajin ANA (gwajin jini mai neman sojojin garkuwar da ke yaƙar jikin mutum da kansa) ya nuna akwai, shikenan an gama? Daga ɗalibarku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Lupus dai cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita. Ki daina jiran ja, a fatarmu wajen duhu yake yi kamar ƙuna, ya bi kumatu da karan hanci amma ya tsallake layin nan da ya sauko daga gefen hanci zuwa baki, kuma rana na tayar da shi. Wata majinyaciyar ma ba za ki ga komai ba don ta daɗe tana shafa man bilicin mai sitiroyid, sai kin tambaya. Ki roƙe ta ta cire ɗankwali ki duba gashi, ki haska tocila a ganɗarta, gyambon wurin ba ya zafi shi ya sa ba ta faɗa.

Yawanci mace ce tsakanin shekara 15 zuwa 45, kusan mata 9 ne kan namiji 1. Za ta zo da zazzaɓin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, an ɗirka mata maganin maleriya da na taifod a kemis har ta gaji, ga ciwon gaɓoɓin yatsu da safe, ga kasala, wata kuma ɓari take ta yi.

Maganar ANA kuwa, a'a. Kusan duk mai lupus yana da shi, amma masu lafiya da yawa ma suna da shi. A ƙa'idar EULAR/ACR (ƙungiyoyin likitocin cututtukan gaɓoɓi na Turai da Amurka) ta 2019 sai ƙarfin ANA ɗin ya kai 1:80 a fara lissafi, sannan a nemi maki 10 daga alamomi da sauran gwaji. Gwajin jini na anti-dsDNA da anti-Smith su ne suka fi kama sunan cutar, C3 da C4 (furotin na garkuwa a cikin jini) kuma sauka suke in ta motsa. In CRP (gwajin jini mai nuna kumburi a jiki) ya yi sama sosai, fara neman ƙwayar cuta tukuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a manta da fitsari. Gwaji mai arha, tsinken nan da ake tsomawa, amma shi zai nuna miki furotin ko jini tun ƙafa ba ta kumbura ba, kuma ƙoda ce ke kai su ƙasa.

Magani, kusan kowa hydroxychloroquine, kar ya wuce 5mg kan kowane kilo a rana, da duba ido lokaci-lokaci, ko da ciki ba a dainawa. Prednisolone na kashe gobara ne, a rage shi da wuri. In ƙoda ta taɓu sai mycophenolate ko cyclophosphamide, duka biyun suna illata ɗan tayi, don haka maganar tazarar haihuwa dole ce. Kafin a danne mata garkuwar jiki a duba tarin TB, HIV da ciwon hanta B.