Amsa ga ƙanenmu mai neman jakar soja ta gwanjo

Assalamu alaikum warahmatullah. Jama'ar gida barkanmu da dare, da fatan an yini lafiya. Ku yi mini haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, don maganar ta fi ƙarfin rubutu.

Ƙanena, na saurari saƙonka tun bayan la'asar. Ka ce sunanka ya fito cikin masu zuwa horon zaman daji a Shere Hills, can gefen Jos, kuɗin hannunka ba su da yawa, kuma wani ya ce maka ka nemi jakar goyo ta sojoji a gwanjo don ta fi ƙarko. Kana tambaya wace iri za ka saya. To, wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba. Jakar soja ta asali, ko ta shekara 30, ta fi sabuwar jakar makaranta da za ka saya a kanti. Amma akwai abin da bai gaya maka ba, kuma da shi zan fara.

Launi. Don Allah, don Annabi, kada ka sayi mai dabbare-dabbaren nan irin na kakin soja. Ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode, ka bar ta. A ƙasar nan doka ta hana farar hula amfani da kakin soja, rundunar soja ta sha yin gargaɗi a kai, kwastan ma kama irin kayan suke yi idan an shigo da su ba takardar izini. Ka duba halin da ake ciki a hanyoyinmu. Saurayi kamarka, ga jaka mai zanen soja a baya, ciki ga igiya ga tocila ga wuƙa, kuma ka ce daji za ka. Wa zai tsaya sauraron bayaninka a shingen bincike? Ni abin nan yana damuna ƙwarai, don na ga yaran kirki sun sha wahala a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka nemi koriya zalla mai duhu, ko baƙa, ko ruwan ƙasa. Kuma takardar gayyatar horon da katin shaidarka su zauna a aljihun rigarka, inda hannu zai kai nan take.

Yauwa. Sai irin jakunkunan da kan faɗo cikin dila. Wadda na fi so maka ita ce wadda ake ce wa ALICE, ta sojan Amurka. A 1973 suka amince da ita a hukumance. Za ka gane ta da ganin farko: koriya ce zalla, da manyan aljihuna uku a waje, da murfi mai igiyoyi biyu, sannan tana zaune a kan wani ƙarfe mara nauyi kamar ƙaramin tsani. Abin da ya sa nake son ta, babu zik a jikinta da zai lalace maka a daji. Igiya ce da maɗauri. Duk abin da ya tsinke, mai gyaran takalmi na bakin titi zai ɗinke maka shi. Ƙarfen nan kuma yana raba jakar da bayanka, iska na ratsawa, gumi ba ya jiƙa ka sharkaf. Kuma ranar da aka ce ku ɗebo ruwa ko itace, sai ka cire jakar ka ɗaure jarka a kan ƙarfen kawai. Akwai matsakaiciya, mai cin wajen lita 40, akwai babba. Matsakaiciyar ake iya goyawa ko babu ƙarfen, babbar kuwa dole sai da shi. Aibinta, ƙarfen gajere ne, dogon mutum yana jin jiki da ita, kuma sosonta na kafaɗa siriri ne.

Akwai wadda ta gaje ta, MOLLE, mai layi-layin ɗamara a jiki da ake rataya ƙananan aljihuna. Ta fi daɗin goyo, gaskiya, ɗamarar ƙugunta faffaɗa ce mai laushi. Sai dai kusan duk wadda za ka gani mai zanen soja ce, ka ga ta faɗi tun a sharaɗin farko. Ga shi ita kanta ba komai a ciki ta kusa kilo 4, kuma abin bayanta roba ne, in ya tsage babu mai walda da zai taimake ka.

Ta Ingila kuwa, wadda suke kira Bergen, lita 100 ce, da aljihunan gefe biyu masu lita 10 kowanne, waɗanda ake zugewa a haɗa su su zama ƙaramar jaka. Tsofaffin fitowa akwai koraye zalla. Jaka ce ta gaske, amma ta yi maka yawa. Kuma iri biyu ce, mai dogon baya da mai gajeren baya, an yi ta ne ta zauna a saman ɗamarar kayan soja, shi ya sa maɗaurin ƙugunta ba ya ɗauke nauyi sosai.

Bari in tsaya a kan maganar girma, don nan yara suke yin kuskure. Ido yana son babba. Amma babbar jaka cika ta za ka yi, ko ba ka yi niyya ba. Abin da masu tafiyar ƙafa suka saba bi shi ne kada kayanka su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka. In kai kilo 65 ne, kilo 13 ke nan. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne. Ka ɗauki lita 3, jakar da ƙarfenta ta cinye wajen kilo 3, saura 7 na bargo da tamfol da abinci da tufafi. Ka ga lissafin? Shere duwatsu ne, ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma hawa za a sa ku yi, wani wuri da hannu da ƙafa. Lita 40 zuwa 50 ta ishe ka. Wurin da za ka bari da gangan shi ne na bargo da rigar sanyi, don sanyin Jos da asuba lokacin hunturu ba irin wanda ka sani a gida ba ne.

To yanzu ka shiga kasuwa, ko Ƙofar Wambai ce a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko Katako in ka isa Jos da wuri. Ba kullum ake samu ba, sai an dace da fasa dila, saboda haka ka fara zagaye tun yanzu. Abin da ya fi yawa a rataye shi ne jabu, sababbi ƙal, an yi musu siffar ta soja, ga aljihuna birjik ga sheƙi. Ni kaina na taɓa sayen irinta shekarun baya, a wajen wani mai kaya. Rana ta biyu muna kan gangara maɗaurin kafaɗar dama ya fita daga ɗinkinsa gaba ɗaya. Sauran tafiyar a ka na ɗauke ta, wuyana ya yi sati yana ciwo. Tun daga ranar ba na duba fuskar jaka, bayanta nake juyawa.

Ka juya ta, ka kama maɗaurin kafaɗa inda ya haɗu da jikin jakar, ka ja da ƙarfinka. Ta asali za ka ga an maimaita ɗinki a wurin, zare kan zare, ya yi kauri. Ka buɗe ciki ka nemi tambari. Kayan sojan ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suna da lamba mai alƙaluma 13. Na jaka yawanci tana farawa da 8465, biyun da ke biye su ne na ƙasa: 00 ko 01 Amurka, 99 Ingila, 12 Jamus. Amma kada ka dogara da tambari kaɗai, masu jabu ma sun iya buga shi, tsohuwar ta asali kuma wani lokaci nata ya goge. Hannunka zai gaya maka. Yadin asali yana da kauri da kaushi. Ka ɗaga ta saitin rana ka leƙa ciki, duk inda ya sude haske zai nuna maka, musamman gindinta. Ka sansana. Warin ajiya wanki zai fitar, amma in yadin ya yi fumfuna har zare na rugurgujewa a yatsa, ajiye ta. In ka ga wani abu kamar fatar leda yana ɓarewa a ciki, wannan shafen hana ruwa ne ya tsufa, ba zai hana ka saye ba, sai dai ka nuna wa mai kaya a rage maka kuɗi. In mai ƙarfe ce, ka kwantar da ƙarfen a ƙasa ka ga ko ya karkace, ka girgiza shi ka ji ko ƙusoshin mahaɗa sun saki.

Sannan, wannan kada ka ji kunyarsa, ka sayi ledar fiya wata guda a nan kasuwar. Ƙulli 20 ne a ciki, kilo 10 ke nan cif. Ka zuba a jakar, ka goya, ka ɗaure ƙugu, ka yi tafiya zuwa ƙarshen layi ka dawo. Nauyin a ƙugu ya kamata ka ji shi. In kafaɗarka ce ke ɗauke da komai, ko wani abu na sukar ka a gadon baya, to wadda ta dame ka a minti biyar ka san abin da za ta yi maka a wuni guda. Mai kayan da ya yarda da kayansa ba zai hana ka gwadawa ba.

Kuɗinka kuma kada ka ƙarar da su duka a kan jakar. Ka rage na mai gyaran takalmi, ya bi maka duk mahaɗa da zaren lailon, ya ƙara soso a kafaɗa. Ka rage na babbar leda mai kauri, ka shimfiɗa a ciki kafin ka zuba kaya, don babu jakar gwanjon da ruwa ba ya shiga. Ashana da waya da magani a ƙulle su a leda ta daban. Wajen shiryawa bargo a ƙasa, masu nauyi su jingina da bayanka, abin da za ka buƙata a hanya a aljihun waje. Ka wanke ta da sabulu da burushi, ka shanya a inuwa. Kuma sati biyu kafin tafiya ka riƙa goya ta da kaya kana zagaya unguwa bayan sallar asuba, kafaɗarka ta saba.

In ka samu wadda ta kwanta maka, kafin ka biya ka ɗauko hoton bayanta, da tambarin ciki, da wurin ɗinkin kafaɗa, ka turo nan gidan. Wayata na hannuna, in sha Allahu zan duba maka nan take. Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo mana da ku lafiya. A gaida su Mama. Wassalamu alaikum.